Tambayi Likita: Tattabarun Baba, Dokin Alhaji da Majalisar da Ta Rage Mutum Huɗu

Saƙonnin wannan makon kusan duk na dattawa ne, wasu da hannunsu, wasu 'ya'yansu suka rubuto a madadinsu. Na ɗauki huɗu na taƙaita.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Daura: Likita, Babanmu shekararsa 68, tun yana saurayi yake kiwon tattabaru. Yanzu sun fi 80 a ɗakin da ya gina masu a bayan gida. Wata 6 ke nan yana busasshen tari, zuwa masallaci ma sai ya tsaya ya huta. Duk ranar da ya share ɗakinsu da safe, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi. Sau 3 ana yi masa maganin maleriya. Mun ce a sayar da su, ya ce sai dai bayan ransa.

Amsa: Malama, kin lura da abin da mu likitoci kan tsallake in layi ya yi tsawo: zazzaɓin yana bin shara. Akwai ciwon huhu da aka san masu kiwon tsuntsaye da shi, musamman tattabaru. Kin san farar hodar nan da ke maƙalewa a tafin hannu in an kama tattabara? Ita da busasshen kashinsu, in suka tashi da ƙura aka shaƙa, garkuwar jikin wasu mutane takan far masu, sai ƙananan jakunkunan iska na huhu su kumbura. Bayan awa 4 zuwa 8 sai zazzaɓi, ciwon jiki, tari da haki, washegari ko jibi abin ya lafa. Nan ake cewa maganin maleriya ya yi aiki, alhali da kansa ya sauka. In aka ɗauki shekaru a haka huhun yakan yi tabo, tabon huhu kuwa ba ya gogewa.

Ban yanke hukunci ba tukuna. Duk tarin da ya wuce mako 2 sai an fara duba tibi, gwajin majina kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Zuciya ma in ta raunana takan kawo haki da kumburin ƙafa. Ku kai shi asibiti nan Daura a yi gwajin majina da hoton ƙirji, in da buƙata a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ku faɗa wa likita maganar tattabarun da bakinku, ba kowa zai tambaya ba.

In ta tabbata, babban maganin shi ne nisantar ƙurar. Takunkumi da yayyafa ruwa kafin shara suna ragewa, amma ba su isa ba. Daga yau dai Baba ya bar wa wani sharar. Sai dai ina roƙonku, kada ku faki idonsa ku kwashe su zuwa kasuwa. Na taɓa ganin dattijon da aka yi wa haka. Tarin ya tafi, shi kuma ya daina fita, ya daina taɓa tuwo, muka koma neman maganin damuwa. Mutumin da ya shekara 50 yana gane 'yan shilarsa ɗaya-ɗaya, yawancin abokansa ta kan tattabara ya same su. A rage yawansu da shawararsa, a mayar da sauran gona ko gidan wani jika, ya riƙa zuwa da yamma ya zauna a fili nesa da ɗakin yana kallon tashinsu. Abokan kiwo kuma su riƙa iske shi a ƙofar gida.

Tambaya daga wani dattijo a Ƙofar Marusa, Katsina: Mu 12 muka kafa ƙungiyar masu sauraron rediyo a shekarun 1980, muna aika katin zaɓi sonka Rediyon Kaduna, muna rubuta wasiƙu BBC da Muryar Amurka. Yau saura mu 4, ni shekarata 74. Na daina zuwa majalisarmu don ba na jin abin da ake faɗa, sai in ga ana dariya in yi yaƙe. Yara sun sa ni a WhatsApp, ban iya rubutun ba. Tsufa ne kawai in haƙura?

Amsa: Baba, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara maka lafiya. Kana da 'yan'uwa da yawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da 1 cikin 4 na fama da raunin ji mai takurawa. Jin tsufa daga siraran sautuka yake fara zubewa, irin su “s” da “sh” da “ts”. Shi ya sa kake jin murya amma kalmar ta kuɓuce maka, muryar jikoki ta fi wuyar kamawa, hayaniya kuma ta dagula komai.

A fara da abu mai sauƙi, a leƙa kunnen. Sau da yawa dauɗa ce ta toshe, a wanke a asibiti mutum ya fita yana mamaki. Tsinken ashana da gashin kaza da kan makulli ƙara tura ta ciki suke yi. In ba ita ba ce, a yi awon ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, a ga ko na'urar ƙara ji za ta taimaka. Tana da tsada, tana cin batir, kuma sai an saba da ita, amma kada ka saya a kasuwa ba awo. Wanda kuwa kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, wannan na gaggawa ne, ya je asibiti a ranar.

Zaman ɗakin da ka koma ya fi kunnen damuna. Kaɗaici yana tafiya da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da damuwa, kuma raunin ji da aka bari ba kulawa yana cikin abubuwan da ke kusanto da gigin tsufa. Majalisar mutum 4 ma ta fi dacewa da kunnenka a kan ta 12. Ku tsayar da rana, a ce kowace Juma'a bayan la'asar, gida-gida. Ka zauna inda kake ganin fuskar mai magana, nesa da janareta da bakin titi, a kashe rediyon in hira ta kankama, duk da na san shi ya haɗa ku. Ka fito fili ka ce, “Ku riƙa yi a hankali, kunnen ya yi nauyi.” Ina mai tabbatar maka a cikinsu akwai mai yaƙe irin naka.

WhatsApp kuwa ba sai da rubutu ba. Jika ya nuna maka inda ake danna saƙon murya. Katin zaɓi sonka ne babu kan sarki: ka gai da mutanenka, ka saurari amsa sau uku in ka ga dama. In kuma ka yi mako 2 komai ya fita ranka, barci da abinci sun gagara, ka zo mu gan ka. Damuwa ciwo ce, tana da magani.

Tambaya daga wani Alhaji a Katsina: Shekarata 71, na yi wasan polo da ƙuruciya, har yanzu ina hawan Sallah. Ina da hawan jini, gwiwoyina suna ciwo, kafin hawa nakan sha haɗin kemis. Iyali sun ce in bar doki.

Amsa: Ranka ya daɗe, garin da polo ya kafu tun zamanin Sarki Dikko, Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi, ba zan yi saurin ce wa Bakatsine ya sauka daga sirdi ba. Haɗin kemis ɗin nan zan fara ƙwacewa. Galibi akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci har da dexamethasone. Suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda, suna huda ciki, na ƙarshen kuma yana rage ƙarfin ƙashi ya tayar da suga. Farasitamol da man shafawa na gwiwa sun fi aminci, sauran likitanka ya tsara.

Sukuwa da jahi a bar wa samari. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga, ita ce ke karya ƙugun ɗan shekara 70, da yawa kuma daga wannan kwanciya ba sa komawa yadda suke. Ka zaɓi doki mai sanyin hali, zagi na riƙe da shi, ka hau daga kan dakali don gwiwa ta huta. Rawani da alkyabba cikin rana na awoyi suna janye ruwan jiki, ga maganin hawan jini, sai jiri. Ka sha ruwa sosai, ka auna jini da safen, in ya wuce 140/90 da nisa ko kana jin juwa, a yi hawan ba kai. In kanka ya bugu, musamman in kana shan asfirin, ka je asibiti ko da garau kake ji, don jini kan taru cikin ƙoƙon kai a hankali, sai bayan makonni ya nuna.

Tsakanin Sallah da Sallah, tafiyar minti 30 kwana 5 a mako, da tashi-zauna daga kujera sau 10 safe da yamma ba dafawa. Cinya ce ke riƙe gwiwa, ita ce kuma ke riƙe ka a likkafa.

Tambaya daga wata Hajiya a Daura: Ni da ƙawayena 3 mun fi shekara 30 muna haɗuwa ɗinkin hula. Yanzu zare ba ya shiga allura, ina ganin hazo-hazo. An ce akwai mai cire yana a gida.

Amsa: Hajiya, kada ki bari. Abin da suke yi shi ne tura yanar cikin ido da tsinke, idanu da yawa sun mutu ta haka. Rashin ganin kafar allura tabarau ne maganinsa, hazon kuwa mai yiwuwa yana ce, aikinta a asibitin ido sau da yawa bai kai minti 30 ba, kina farke, ba ki jin zafi. A auna miki suga da ƙarfin ruwan ido, don gilakoma, wato hawan jinin ido, ba ta sallama, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Kada ki ɗiga maganin da ba likita ya rubuta ba. Kafin ranar asibiti ku mayar da zamanku hantsi, a tsakar gida inda haske ya wadata, jika ta zura miki allurai biyar ta soke a jikin matashi.