Manhajojin natsuwa a waya: in biya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Tudun Wada. Idan na sauko daga aikin dare barci ba ya zuwa, sai saƙe-saƙen zuci. Abokiyar aikina ta ce in sauke Calm ko Headspace, wai masana a Amurka sun tabbatar suna gyara ƙwaƙwalwa. Na sauke, sai suka nemi lambar katin banki. In saka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki riƙe katinki tukuna.

Abin da waɗannan manhajoji ke koyarwa shi ne zaman natsuwa: ki zauna, ki tsayar da hankali kan numfashinki, in ya gudu ki dawo da shi. Asalinsa ibadar mabiya addinin Buda ce, sai wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya tsame addinin ya mayar da shi darasin mako takwas na marasa lafiya a Jami'ar Massachusetts a 1979. Hukuncinsa a shari'a na bar wa malamai, ni nawa waya ne.

Binciken da na fi yarda da shi na Jami'ar Johns Hopkins ne na 2014. Sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi kan mutum 3,515, suka ga zaman yana rage fargaba da ƙuncin rai da raɗaɗin ciwo, amma daidai gwargwado, kuma ba su samu shaidar ya fi motsa jiki ko magani ba. Kan barci kuwa, wanda shi ne damuwarki, shaidar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. A wani binciken na 2022 an kwatanta zaman da maganin fargaba na escitalopram kan mutum 276, sakamakon ya zo kusan kunnen doki. Sai dai ki lura: waɗannan mutane aji suke zuwa gaban malami, awa biyu da rabi duk mako, su kuma yi minti 45 kullum a gida. Muryar minti goma a waya, ga saƙon WhatsApp na faɗowa ta sama, ba su ne abin da aka gwada ba.

Maganar gyaran ƙwaƙwalwa ta samo tushe ne daga ƙananan bincike, irin na Sara Lazar ta Harvard a 2005, da suka nuna wasu sassan ƙwaƙwalwar masu zaman sun fi kauri. Da ɗakin binciken Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin ya gwada darasin mako takwas ɗin da mutane masu yawa, a 2022 suka bayyana cewa ba su ga canji a ginin ƙwaƙwalwa ba. Davidson kuwa ba maƙiyin abin ba ne, ya shafe shekaru yana auna ƙwaƙwalwar sufayen Tibet. Masu talla dai tsohon labarin suke ta juyawa.

In kina son gwadawa, Medito kyauta ce. Ko ki saita agogon wayarki minti goma, ki kashe data, ki kife ta. Kwanakin gwaji na kyautar nan da ake neman kati, suna ƙarewa ake fara cirar kuɗi, kuma goge manhajar ba ya tsayar da cirar. Sai kin shiga Play Store, kin taɓa hotonki da ke sama, kin nemi wurin da aka rubuta Subscriptions kin soke. In rashin barcin ya ɗauki makonni, ke kin fi ni sanin hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Tambaya: Malam, agogon hannuna na zamani kullum sai ya nuna damuwata ta haura 80. Hankalina ya tashi. Daga wani ɗan kasuwa a Kawo.

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka, agogo bai san bashin da ake binka ba. Koren hasken da ke cikinsa yana haska fata ya ƙirga bugun jini, sannan ya duba bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ya yi kirdado. Shayi mai kauri, zazzaɓi ko hawan bene duk suna motsa lambar. Wasu masu arahar ma ƙarya suke shararawa: na taɓa sayen wani a wani shago, na ɗaura shi a jikin robar ruwa, ya nuna mini robar tana da bugun zuciya. Gwada naka haka. In hawan jini kake tsoro, je a auna ka da na'urar da ake ɗaurawa a dantse.

Tambaya: Yarona zai zana JAMB, ba ya iya minti ashirin kan littafi. Manhajar natsuwa za ta taimaka? Daga wata uwa a Rigasa.

Amsa: Mama, ban sa rai sosai ba. A Birtaniya an gwada koyar da wannan zama ga ɗalibai sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi darasin da aka saba yi ba, kuma yawancin yaran ko yi ba sa yi a gida. Ba wa yaro waya don ya natsu kamar ba kura ajiyar nama ne. In Android ce, ki shiga saitinta ki buɗe Digital Wellbeing tare da shi, ku ga awa nawa TikTok ya ci jiya. A nan ne kuma za ki sa wa kowace manhaja iyakar lokaci. Lokacin karatu wayar ta zauna a ɗakinki, in zai yi atisayen tambayoyin jarrabawa ya zo ya karɓa.