Ciwon ƙugu ga mai koyon aikin gashin ƙashi a asibiti

Ɗana, ka ce wata biyu ke nan da fara shiga ɗakin gashi a nan Katsina, ga shi ƙugunka na riƙewa da yamma, kana tambaya ko nauyin majinyata ne. Nauyin na cikin dalilan, amma ba shi ne kan gaba ba. Abin da ke cin bayan mai wannan aiki shi ne sunkuyo haɗe da murɗa jiki, sau da yawa a yini, abin da aka ɗaga kuma yana nesa da ciki.

Ƙashin ƙugu gaɓa biyar ne, tsakanin kowace biyu akwai guringuntsi kamar matashi. Biyun ƙasa, L4-L5 da L5-S1, su ke shan wahala, nan ne galibi yake turowa ya danne jijiya. Tsokar da ke miƙar da kai tana kusa da ƙashin, tazararta kamar santimita 5. To, idan ka ɗaga ƙafar majinyaci mai kilo 10 hannunka a miƙe, santimita 50 daga ƙugunka, dole tsokar ta ja da ƙarfin kilo 100, ban da nauyin gangar jikinka. Ka matso zuwa santimita 25, jan ya ragu da rabi. Shi ya sa kullum kake ji ana ce maka ka matsa kusa.

Gado ya zo maka daidai kwatangwalo. In gadon ba mai ɗagawa sama ba ne, kai za ka sauko: ware ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, ko ka ɗora gwiwa ɗaya a kan gadon, ko ka jawo kujera ka zauna. Yaran da ake yi wa gashi a katifa a ƙasa kuwa, durƙusa da gwiwa ɗaya, kada ka tsaya kansu a sunkuye.

Inda aka fi jin ciwo shi ne sauko da mai shanyewar ɓarin jiki daga gado zuwa keken marasa lafiya. Ajiye keken ta ɓangarensa mai lafiya, a ɗan karkace, ka taka birki, ka kawar da matakan ƙafa. Zaunar da shi bakin gado har tafin ƙafarsa ya dafa ƙasa. Ɗaura masa ɗamara a ƙugu ka riƙe ta, ka tokare gwiwarsa mai rauni da taka, ya kawo kansa gaba, ku ƙirga uku ku tashi tare. Wurin juyawa, ƙafafunka ne za su taka su juya, ba ƙugunka ba. Kada ka taɓa bari ya saƙalo wuyanka, domin in ƙafarsa ta saki, da wuyanka da bayanka zai tafi. Masana a NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, sun sa iyakar kilo 23 ga kaya, amma ga majinyaci kilo 16, don mutum ba buhu ba ne, yana iya zamewa ko ya zabura. In rabonka ya wuce haka, kira na biyu. Kunyar kiran taimako ita ta fi damuna da ku ɗalibai, wallahi, don ita ke sa yaro ya sungumi abin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma na wajen asibiti: zaman aji da na karatu awa uku ba tashi, hawan babur a hanya mai gargada, ƙarancin barci da damuwar jarrabawa, shan taba. Wanda ya taɓa yin ciwon baya shi ya fi kowa kusa da maimaitawa, kai yanzu kana cikinsu. Ka riƙa tashi duk bayan minti 30, kuma ka rage sunkuyo da kaya a awar farko bayan tashi daga barci, lokacin guringuntsin na cike da ruwa.

Irin naka yawanci yakan lafa cikin mako shida. Kada ka kwanta masa, ka ci gaba da tafiya da motsa tsokar ciki da ta ɗuwawu. Amma in ciwon ya gangara ƙafa har tana jan ƙasa, ko matsematsinka ya mutu ka taɓa ba ka ji, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba, a ranar za ka ga likita. Haka in akwai zazzaɓi da rama da ciwon da ke tashinka cikin dare, sai a duba tibi (cutar tarin fuka) na ƙashin baya.