Zuwa ga ƙanina mai son zuwa ya shuka nanowaya

Salam ƙanina. Saƙonka na uku ke nan a satin nan kana so in nema maka gurbin digiri na uku a fannina, wai ka karanta cewa zinki oksaid ne zai gaji galiyom nitraid wajen ƙera fitilun LED. To tsaya ka ji tun kafin ka fara cike fom.

A takarda kam abin gwanin sha'awa ne, gibin makamashinsa, wanda shi ke yanke irin hasken da abu zai fitar, 3.37 eV ne (eV ma'aunin makamashi ne), yana ba da haske wajen nanomita 380, ƙarfin riƙon eksiton ɗinsa (wato haɗin elektron da gurbin da ya bari) 60 meV wanda ya ninka na galiyom nitraid fiye da sau biyu. Tun 2001 su Peidong Yang a Amurka suka nuna leza daga nanowayarsa, wato ƴan siraran zarurruwansa da ido ba ya iya gani. Amma duba tocilan wayarka, har gobe galiyom nitraid ne a ciki, aikin da Akasaki da Amano da Nakamura suka ci Nobel a kansa a 2014. Matsalar ita ce zinki oksaid nau'in n (mai rarar elektron) yake fitowa da kansa, ka sa masa naitirojin ka yi duk dabarar da ka sani, nau'in p (mai ƙarancin elektron) mai ɗorewa ya ƙi zama, kuma in babu p babu fitilar kirki. Duk malamin da ya ce maka cikin shekara uku za ku warware wannan, ka yi hattara da shi.

Aikin kansa kuma zaman gadin murhu ne. Ka haɗa garin zinki oksaid da na girafait, ka shafa zinare siriri a kan dutsen safaya inda nanowayar za ta tsiro, ka tura cikin bututun kwaz, ka kai zafi wajen digiri 900, iskar agon na wucewa, ka jira awanni ya huce. In ka gusar da samfurin santimita ɗaya kacal sai ka tarar da wani abu daban, allurai a kwance ko ɓawon da ba shi da siffa. Ni wata biyar na yi komai ba ya tsirowa, ashe wani ɗalibi ne ya ƙona kayansa a bututuna bai faɗa ba, malamina kuma a gaban kowa ya ce ni ne ban iya wanke samfuri ba. Wallahi har yau abin yana ci mini rai, ba wanda ya ba ni haƙuri.

Hanyar shuka su a cikin ruwa ta fi sauƙi, zinki naitiret da wani sinadari mai suna HMTA a digiri 90, sai dai in ka auna haskensa za ka ga faffaɗan hasken nan da lahanin cikinsa ke fitarwa ya danne na gaskiyar.

Daren da na fara ganin nanowayoyina a SEM, na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da elektron, sun miƙe cak kamar gashin buroshi, kowane kai mai kusurwa shida, na daɗe zaune ina kallo ina alhamdulillahi. Gumina ne, ba wanda ya riƙe mini hannu.

In har kana nan a kan bakanka, ka zauna ka iya fizik ɗin daskararrun abubuwa da karanta XRD (gwajin tsarin kristal da hasken X-ray) sosai, ka kuma leƙa galiyom oksaid mai gibin kusan 4.8 eV, ana ta aiki a kansa don na'urorin gano hasken UV. Kafin ka amsa wa kowane malami ka tambaye shi mutum nawa ke raba murhu ɗaya, sannan ka turo mini abin da ya ce.