Taurarin da ke rufe makulli ba kulle ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da ɗan kamfanin manhaja a Zoo Road, kuma mun karɓi ɗaliban SIWES, wato masu koyon aiki, daga BUK. Cikin gwaje-gwajen da GitHub Actions (tsarin da ke gwada manhaja da kansa a shafin GitHub) ke gudanar mana akwai na sirri, masu amfani da makullin biyan kuɗi (lambar sirri ta shiga) na wani abokin cinikinmu da bayanan kwastomominsa. Na goge foldar gwaje-gwajen sirrin daga rumbun da muke ajiye lambar manhajarmu, makullan kuma na zuba su a Secrets, ma'ajiyar sirri ta GitHub. Wallahi har yanzu hankalina bai kwanta ba. Hakan ya wadatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bai wadatar ba. Foldar da ka goge tana nan daram a tarihin Git, manhajar da ke adana kowane sauyi da aka yi wa rumbun; duk wanda ya sauke rumbun zai tono ta. Canza makullan yau, kada su kwana.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne taurarin nan (***) da GitHub ke sawa a madadin makullin da aka zuba a Secrets. Kusan kullum sai wani mai kiran kansa injiniya ya nuna mini rahoton gwaji, makulli ya koma taurari uku, ya ce ai an kulle. Labule ne kawai! GitHub yana neman rubutun makullin yadda aka ajiye shi, ya rufe. Yaron da ke da izinin tura gyara zai iya sa a buga makullin a juye, ko a raba haruffansa ɗaya bayan ɗaya, ya fito fili. Kuma lambar da ya rubuta, a na'ura ɗaya take gudana da gwajin naka, don haka duk abin da gwajin ke gani, ita ma tana gani. Ba sai yana da mugun nufi ba, layi ɗaya na neman kuskure ya isa. A 2021 ta wani rubutun kamfanin Codecov mai auna gwajin manhaja da aka gurɓata aka kwashe sirrin kamfanoni daga cikin irin wannan tsarin, a Janairun 2023 kuma CircleCI, mai irin aikin GitHub Actions, ta umarci kwastomominta su canza duk makullansu. Su ma taurari suke gani.

Ka mayar da gwaje-gwajen sirri wani rumbun daban da ɗaliban ba su da shiga, kada su gudana sai babba ya karanta lambar da idonsa. Sakamakon da zai koma musu ya tsaya kan ya ci ko ya faɗi. Ka kuma nisanci pull_request_target, saitin GitHub Actions da ke buɗe wa gwaji makullai ko da gyaran daga waje ya zo.

Bayanan kwastomomi kuwa, me ya kai su gwaji tun farko? Sunan mutum da lambar wayarsa amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanku. Ku ƙirƙiri na bogi, ku cire na gaskiyan a makon nan.