Dajin Acimota: yadda mu 'yan zango muke shigarsa

Malam, ka tambaya ko Bahaushen Ankara, wato Accra, yana samun dajin da zai sha iska. Akwai, a tsakiyar gari ma, sai dai ka cire dajin gida daga ranka. Can mutum kan saɓa gatari ya shiga ba mai tambayarsa. Nan akwai ƙofa, akwai ma'aikatan Hukumar Gandun Daji, ana biyan kuɗin shiga a karɓi rasit.

A 1930 Turawa suka keɓe shi don makarantar Acimota ta riƙa samun itacen girki. Da farko ya kusa hekta 500, yanzu hanyoyi da gine-gine sun ci shi, ya rage wajen 360. Ba kurmi ba ne irin na ƙasar Asante. Itatuwa ne matsakaita, da darbejiya da yawa, da sarƙaƙiya da 'yan hanyoyin ƙafa. Gidan namun dajin Ankara ma a ciki yake.

Daga unguwanninmu na Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, torotoro ake hawa, wato ƙaramar bas ta haya, a nufi Acimota. A fita bayan asuba, don kafin hantsi ya yi zafin nan mai gumi ya sauko. Kowane mutum ledar ruwa uku ta sha, biyu ta alwala, kowace rabin lita. A ɗauki buta da tabarma da jakar da za a kwaso shara. Takalmi rufaffe, ban da silifa.

Dalilin takalmin kwarkwasa ce. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba, takan ja layi ta tsallaka hanya. Wanda ya tsaya a kan layin bai ankara ba, sai ta hau har cinya kafin ta fara cizo. A duba ƙasa kafin a shimfiɗa tabarma, kada kuma yaro ya sa hannu cikin rami ko tarin busasshen ganye saboda maciji. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, wuta ce abin tsoro, guntun sigari kaɗai ya isa. Shi ya sa ba a girki a ciki, wanke, wato shinkafa da wake, ko koko da ƙosai ake riƙowa daga gida.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne masu addu'a. Kiristoci sukan taru ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin itatuwa suna addu'a da ƙarfi. Tarbiyyar zango ita ce a gaishe su a wuce, ba a tsaya kallo, ba a ɗaukar su hoto, don maƙwabtanmu ne a kasuwa da gidan haya. In azahar ta yi, mu ma mu nemi gefe mu shimfiɗa. Rana ba ta nuna alƙibla sosai a cikin inuwa, sai a duba waya: gabas ce, a karkata hagu wajen arewa.

Maganar sassaƙe da saiwa kuwa, mun san hannun Bahaushe ba ya haƙuri in ya ga itacen magani. A nan laifi ne, kuma itacen da aka zagaye ɓawonsa bushewa yake yi. Mai bukata ya je wurin masu magani a kasuwar Nima.

Yara a riƙe su kusa, musamman wajen kejin namun daji. A 2022 zaki ya kashe wani mutum da ya haura shinge. Mata ba sa shiga lungu su kaɗai, maza ma gara a tafi uku ko huɗu. Rana a nan wajen ƙarfe shida take faɗuwa duk shekara, duhu kuma ya riga shiga ƙarƙashin itatuwa, ga sauro. Da la'asar ake naɗe tabarma, a yi magariba a unguwa.