Bashin da ba kai ka ci ba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka samu gurbin karatu, alhamdu lillahi, abokinka kuma ya nemo maka ɗaki mai araha a Bamingam, yanzu abin da ya dame ka wace rigar sanyi za ka saya. Rigar sanyi ko'ina akwai. Zauna ka ji abin da ya hana ni barci a watana na biyu a Ingila.

Wanda ya zauna a gidan kafin ni ya tashi ya bar bashi. Ko fuskarsa ban taɓa gani ba, sunansa kawai na sani a bayan ambulan. Wasiƙu suka yi ta zuwa, ni kuwa ina jibge su a kan firji, ina cewa ina ruwan biri da gada. Ran nan na idar da sallar asuba ke nan, shida ta ɗan gota, sai bugun ƙofa. Ƙarti biyu, kowanne da kyamara a ƙirji. Su ne ake kira beilif, masu ƙwato bashi da izinin hukuma, doka ta ba su daga shida na safe zuwa tara na dare.

Wallahi saura kaɗan in ce musu bismillah ku shigo, don an horar da mu ba a barin baƙo tsaye a waje. Suka ce tarar ajiye mota ce, ga fam 75 na takardar gargaɗi, ga fam 235 na zuwan da suka yi, in ba a biya ba za a kwashe kaya. Na ce ba ni ba ne. Ɗaya ya ce kowa haka yake faɗa. Ni ba kayan nake ji ba, me na mallaka? Bizata nake tunani. Har na ɗauko katin banki, sai na tuna abin da ke ciki bai kai ba. Talauci ne ya cece ni ranar, ba wayo ba.

Mai gidan da na kira cewa ya yi ba matsalarsa ba ce. Har yau abin na ci mini rai, don ya san halin da ya saka ni.

A ofishin Citizens Advice, inda ake ba da shawara kyauta, aka warware mini. Bashi mutum yake bi, ba ya bin gida. Kayan wanda ya ci bashin kaɗai suke da ikon ɗauka. A kan tarar mota ko harajin ƙaramar hukuma ba su da hurumin fasa ƙofa, amma in sun tarar da ita ba a kulle ba, suna iya shiga. Don haka ka kulle, ka yi magana ta taga. Ka nemi katin shaidarsu, sunan kamfaninsu da lambar takardar, sannan ka aika wa kamfanin kwafin yarjejeniyar hayarka, mai sunanka da ranar da ka shiga. Sau uku na aika kafin suka rabu da ni. Wasiƙun kuma ba a tara su: ka rubuta a kai cewa ba a san mai sunan a gidan ba, ka jefa a jan akwatin gidan waya.

Ranar da ka karɓi mukulli, kafin ka kwance jaka, ɗauki hoton mitar wuta da ta gas, ka kira kamfanin su buɗe asusu da sunanka. In mitar kati ce, nemi sabon kati, in ba haka ba duk kuɗin da ka loda ana iya yankar bashin wancan a ciki. Harajin ƙaramar hukuma an yafe wa ɗalibin da ke karatu na cikakken lokaci, amma sai ka kai musu shaidar makaranta.

Shi ya sa ɗakin nan naka mai araha bai kwanta mini ba. Sunan wa ke kan takardar haya? In na abokinka ne ko na wani da ya riga ya tashi, ranar da aka buga ƙofa me za ka nuna? Turo mini takardar in duba kafin ka tura wa kowa ko sisi. Ka gaishe da Inna.