Ƙodar da ta daina aiki: za a iya cire ta ba tare da an tsaga ciki ba?

Tambaya: Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon kwiɓi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. An yi mata hoto, aka ce tsakuwa ta toshe ƙodarta ta dama, ta yi mugunya, kuma ta daina aiki. Likita ya ce za a cire ta da na'ura ta ƙananan huda, amma ya ce mu shirya don ana iya komawa a tsaga. Me ya sa?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya. Likitan ya faɗa muku gaskiya. Cire ƙoda ta huda, wato laparoskofi, ba sabon abu ba ne, tun 1990 wani likita mai suna Ralph Clayman ya fara yin sa a Amurka. Sai dai ƙodar da ta shekara da shekaru tana kumburi daban take da ƙoda mai lafiya, kuma cire ta na daga cikin ayyuka masu wuya a wannan fanni.

Kafin ranar aiki akwai abubuwan da bai kamata a tsallake ba. A yi hoton da ke auna aikin kowace ƙoda daban, irin su DMSA. Idan ƙodar mai ciwon tana yin ƙasa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na aikin, galibi ba a sa rai ta farfaɗo. A tabbatar ɗayar lafiyarta ƙalau. A auna fitsari a gano ƙwayar cutar, sau da yawa Proteus ce ko E. coli, a ba da maganin da ya dace da ita. Idan mugunya ta taru, akan fara sa roba ta gadon baya zuwa cikin ƙodar a tsiyaye ta, a jira zazzaɓi ya sauka. Gaggawa a nan ita ke jawo guba ta shiga jini.

A ɗakin tiyata za a sa ta barci, a kwantar da ita a kan kwiɓin hagu. Ana hura iskar kabon dayoksaid a ciki don a sami fili, a yi huda uku ko huɗu, kowace milimita 5 zuwa 12. Likita zai janye babban hanji, ya nemo bututun da ke sauko da fitsari, ya bi shi sama har bakin ƙoda. Ana fara maƙale jijiyar da ke kawo jini, sannan mai fitar da shi, a yanke. Daga nan a sa ƙodar a jaka don kada mugunya ta zube, a zaro ta ta ƴar tsaga a mara.

Wahalar tana wajen rabewa. Kitsen da ke kewaye da ƙoda mai laushi ne, da ɗan turi yake sakinta. Dogon kumburi kuwa yana mayar da shi tabo mai tauri, ƙodar ta manne da maƙwabtanta kamar an shafa gam. A dama akwai hanta, farkon ƙaramin hanji, da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, kuma jijiyar da ke fitar da jini daga ƙodar dama gajera ce. Ja kaɗan fiye da kima, sai jini ya ɓalle ko hanji ya huje. Likitan da ya ga hanya ta ɓace masa ya tsaga, ba gazawa ya yi ba, ran mara lafiya ya fifita. Shi ya sa ake tanadar jini tun kafin a fara.

Idan aikin ya tafi daidai, akan kwana biyu zuwa huɗu a asibiti. Ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu daga iskar nan yake. Kada ta ɗauki kaya masu nauyi har mako huɗu zuwa shida. Zazzaɓi, kumburin ciki, amai, ko raguwar fitsari, a koma asibiti nan take. Ku tambayi sakamakon gwajin naman ƙodar, domin wani lokaci tarin fuka ko ciwon daji kan ɓuya a ciki. Ƙodar da ta rage za ta wadatar da ita, amma ta guji magungunan rage zafin ciwo irin su diklofenak da ibufurofen ba tare da izinin likita ba, a riƙa auna hawan jininta da aikin ƙodar aƙalla sau ɗaya a shekara.